Maigida ya jera wurare 14 a kwana 9, ta ina zan ɓullo masa?

Wata baiwar Allah ta rubuto mana cewa: "Maigidana mutum ne mai son tarihi. Mun daɗe muna tari don mu kai yara Turkiyya a hutun Agusta, kwana 9, mu ɗauki motar haya mu zaga filayen yaƙi da kufan tsofaffin birane. Mu shida ne: ni da shi, yara uku masu shekara 15 da 10 da 6, sai mahaifiyarsa, Hajiya, mai fama da ciwon gwiwa da suga. Ya kawo mini takarda ya jera wurare 14, ciki har da Istanbul, Galipoli, Troy, Assos, Bergama, Afisa, Pamukkale, Kapadokiya da wani filin yaƙi wai shi Malazgirt. Da na ce sun yi yawa, sai ya ce dama ba na son tafiyar. Wallahi ina so. Tsorona kada mu dawo ba ma ga maciji da juna."

Malama, gaskiya tana wajenki, amma kada ki sake ce masa "sun yi yawa". Mutumin da ya kwana yana duba taswira, wannan kalmar a kunnensa raini ce ga wahalarsa. Ki bar lissafi ya yi miki magana. Ku zauna da takardar tasa da waya, ki roƙe shi ya rubuta awannin tuƙi tsakanin kowane wuri da mai bi masa. Duk abin da taswirar waya ta ce, ya ƙara masa kashi ɗaya cikin uku, domin ita taswira ba ta san da shan mai ba, ba ta san da fitsarin yaro ba, ba ta san Hajiya za ta so a tsaya ta miƙe ƙafa ba. Tafiyar da aka ce awa 3 ce, ga iyali irin naku awa 4 ce. Sannan ku amince da ƙa'ida guda kafin a soma soke komai: tuƙi ba ya wuce awa 4 a yini, babban wuri ɗaya ake shiga a yini, kuma wanda ya fi kowa rauni a motar, da ƙafarsa ake auna tafiyar. Idan ya yarda da wannan, da hannunsa zai soke rabin takardar.

Na farkon da za a soke shi ne Malazgirt. Wuri ne mai nauyi a tarihi, nan ne Sarki Alp Arslan ya ci rundunar Rumawan gabas da yaƙi a 1071 har ya kama sarkinsu, amma yana can ƙuryar gabashin ƙasar, nisansa daga Istanbul ya zarce kilomita 1,000 nesa ba kusa ba. Zuwa da dawowa kaɗai za su cinye rabin hutun. Kapadokiya ma tafiya ce mai zaman kanta, a ajiye ta sai wani jiƙon. Pamukkale ita ce za ta yi masa wuyar saki, don a taswira kamar kusa take da Afisa, alhali awa 3 ce zuwa, awa 3 dawowa, a tsakiyar zafi, sannan a taka farin dutse mai jiƙe ba takalmi, wanda ba wurin mai ciwon gwiwa ba ne. Abin da ya rage layi ɗaya ne miƙaƙƙe a yammacin ƙasar: kwana 2 a Istanbul, 3 a Canakkale (kusa da Galipoli da Troy), 1 a Bergama, 2 a Selcuk (kusa da Afisa), rana ta tara a mayar da mota a filin jirgin Izmir. Tsakanin waɗannan garuruwa kimanin kilomita 800 ne, ba komawa baya, kuma a cikinsu akwai filin yaƙi babba da kufai uku da duniya ta san da su. Ba a rage masa abin kirki ba.

Akwai abin da masu shirya irin wannan tafiya kan manta, kuma shi ne ke jawo ɓacin rai a hanya. Filin yaƙi da kufai ba abu ɗaya suke nema a wajen mai ziyara ba. Filin yaƙi galibi ba abin kallo a cikinsa, tudu ne da kwari da itatuwa da kaburbura. Wanda bai san labarin ba zai tsaya minti biyar ya ce a tafi. Amma da mota ake zaga shi, a sauka nan, a hau, a sauka can, saboda haka ya dace da Hajiya. Kufai kuwa ido yana ƙoshi ko ba a san komai ba, sai dai ƙafa ce ke biya: matakala, dutse mai santsi, ba inuwa, ba wurin zama. Saboda haka ranar filin yaƙi labari ake shiryawa tun dare, ranar kufai kuma takalmi da ruwa da sammako.

A Istanbul kada ku karɓi mota. Cunkoso da rashin wurin ajiyewa za su cinye muku yini, ga kuɗin haya yana tafiya a banza. Tarago da tasi sun wadatar. Maigida zai sami abin da yake so a ganuwar birnin ta yamma, wadda aka gina a ƙarni na 5, ita ce kuma Sarkin Turkawa Muhammad na Biyu ya fasa ranar 29 ga Mayu 1453. Kusa da ita akwai gidan zanen kewaye na Panorama 1453, inda ake tsayawa a tsakiya zanen yaƙin ya zagaye mutum. Ku fara da shi sannan ku fita ku dubi ganuwar, yara za su gane abin da suke kallo. Kada a bar su su hau saman ganuwar a inda ba a gyara ba, duwatsun suna zamewa kuma ba abin riƙewa.

Ranar barin gari ku karɓi motar a babban filin jirgin Istanbul, wanda yake ɓangaren Turai, a gefen da hanyarku take, don kada ku ratsa birnin. Batun mota yana son a tsaya a kansa, domin a nan kuɗi ke zurarewa. Maigida zai ce mai kujera 7 ta isa tunda ku shida ne. Ba ta isa ba. Da zarar an ɗaga layin kujeru na uku, but ɗin ba ya cin fiye da ƙananan jakunkuna biyu, sai a wayi gari akwati yana kan cinyar yaro. Ku nemi ƙaramar bas mai kujera 8 ko 9, wadda lasisin ƙaramar mota ke tuƙawa. Ku duba tsayin matakinta saboda gwiwar Hajiya, in ya yi tsawo a sayi ɗan ƙaramin abin takawa na roba. Idan mai tuƙin bai saba da giyar hannu ba, a rubuta otomatik a takardar oda tun daga gida, don a lokacin hutu su ne ke fara ƙarewa. A nemi kujerar ƙarin tsayi ta ɗan shekara 6 a cikin odar, mai shekara 10 ma in bel yana ratsa wuyansa maimakon kafaɗa yana bukatarta. Kamfanoni suna riƙe kuɗin ajiya a katin bashi mai ɗauke da sunan direban, wasu ba sa karɓar katin cire kuɗi na yau da kullum, to a tambaya a rubuce kafin a biya. Haka batun lasisin ƙasa da ƙasa. Idan ke ma za ki tuƙa, a saka sunanki a yarjejeniyar, in ba haka ba ranar da aka yi karo kina kan sitiyari, inshora ba ruwanta.

Ita kanta inshorar a karanta ta. Wadda ke zuwa da mota yawanci tana barin wani kaso a wuyan mai haya, kuma sau da yawa ba ta ɗaukar taya, gilashi da ƙarƙashin mota, waɗanda su ne ke lalacewa a hanyar tsakuwa. Kafin a tayar da mota a zaga ta da bidiyon waya, a nuna kowane ƙarce, da gilas, da tayoyi, da ma'aunin mai, a buɗe a ga safaya da jak suna nan. A tambayi irin man da take sha a rubuta a manna kusa da sitiyari: a gidan mai a can, dizal sunansa motorin, fetur kuma benzin, kuskure ɗaya a nan yana kashe inji da yini guda. Manyan hanyoyi da gadoji ana biyan kuɗinsu ne ta na'urar HGS da ke manne a gilas, ba a tsayawa, kamfanin zai cire daga baya, to a tambayi ko suna ɗora ladansu a kai. Mayar da mota a Izmir maimakon inda aka ɗauke ta yana da kuɗinsa na daban. Ku biya. Ya fi arha a kan mai da kuɗin hanya da yinin da za a kashe ana komawa Istanbul da gajiyayyun mutane. A sauke taswirar yankin a waya tun a otal, a kuma riƙe lambar gaggawa, 112.

Daga Istanbul zuwa Canakkale ya ɗan haura kilomita 300, wannan ne yini mafi tsawo, kada a haɗa shi da wata ziyara. Za ku iya haye mashigin Dardanel ta gadar 1915 da aka buɗe a Maris 2022, wadda tazarar da ke tsakanin ginshiƙanta biyu ta kai mita 2,023, ko ku gangara Eceabat ku shiga jirgin fito da motarku. Mun zaɓa muku kwana a Canakkale ne saboda otal masu lif sun fi yawa, kuma asibiti yana kusa. Kuɗin da za ku biya shi ne hayewa kowace safiya zuwa filin yaƙin. Fiton Kilitbahir ya fi gajarta, ba ya cika wuce kwata, na Eceabat kusan rabin awa. A lokacin hutu layin motoci kan yi tsawo, wanda ya kama na sassafe ya huta.

Daren da za ku shiga Galipoli, nan ne maigida zai yi ranarsa. Ya ba yara labarin a minti goma, ba lacca ba. A yaƙin duniya na farko, Birtaniya da Faransa sun so su ratsa wannan mashigi da jiragen yaƙi su kai Istanbul. Ranar 18 ga Maris 1915 suka kutsa, nakiyoyin da wani ƙaramin jirgi mai suna Nusret ya shuka da bindigogin gaɓa suka nutsar da manyan jiragensu uku, suka ja da baya. Ranar 25 ga Afrilu suka sauke sojoji ta tudu, har da 'yan Ostireliya da Niyu Zilan, suka maƙale a gaɓa wata takwas suna tonon ramuka, suka janye a Disamba da farkon Janairun 1916. Mutum fiye da 100,000 suka mutu a ɓangarorin biyu. Da yamma ku kai su gidan tarihin sojan ruwa da ke bakin ruwa a Canakkale, akwai kwafin Nusret da ake shiga, sai su ga ƙanƙantarsa da idonsu.

Filin kashi biyu ne, arewa da kudu, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ce za a gama su a yini ɗaya. Ku ɗauki arewa. Ku fara da gaɓar Anzac, inda aka sauke sojojin. A tsaya a bakin ruwa a juya baya ga teku a ɗaga kai a dubi tsaunukan da ke tsaye a gaba, sannan a tambayi ɗan shekara 10: da kai ne a sama da bindiga, wa ya fi samun sauƙi? Amsar da zai bayar ita ce dukan yaƙin. Daga nan hanya ta hau tudu ta bi ta Lone Pine, maƙabartar 'yan Ostireliya, da maƙabartar runduna ta 57 ta Turkawa, har ƙololuwar Conkbayiri. Hanyar hannu ɗaya ce, in kun wuce wuri ba a juyowa sai an zagayo, saboda haka ki riƙe jerin wuraren tsayawa a hannunki kina faɗa masa tun kafin a iso. Abin da ya kamata yara su sani a wannan hawan: kwaltar da motar ke bi ta shimfiɗu ne a kan tsakanin ramukan ɓangarorin biyu, a wasu wuraren tazarar ba ta fi faɗin titin ba. A Conkbayiri akwai ramukan da aka gyara da katako, ana shiga, kuma nan ne ɓarɓashin harsashi ya bugi Mustafa Kamal, kwamandan da daga baya ya kafa Turkiyya ta yau, a ƙirji a watan Agusta 1915, agogon aljihunsa ya tare. Daga saman ana hango ruwa ta ɓangarori biyu, sai mutum ya gane dalilin da ya sa aka zubar da jini haka a kan tudu ɗaya. Tsayawa biyar sun isa, kowace minti 15 zuwa 20, Hajiya ta sauka a inda ƙasa take a shimfiɗe, sauran ta zauna da wani babba a inuwa. Ba a barin tsoho ko yaro a rufaffiyar mota a rana ko na minti biyar. Maƙabartu da wuraren tunawa ba a biyan kuɗin shiga. Idan akwai abin da ya cancanci a kashe masa kuɗi a wannan yinin, to ɗan jagora ne mai lasisi na rabin yini, ya shiga motarku, don mai tuƙi ba zai iya tuƙi da karanta allo da ba da labari a lokaci guda ba.

Ki ja kunnen yara a kan abu biyu, ki maimaita. Na farko, maƙabarta ce, akwai masu zuwa don kakanninsu, ba guje-guje, ba hawa kan kabari don hoto. Na biyu ya fi tsanani: ba a ɗaukar komai daga ƙasa. A filin yaƙi har yau ruwan sama yana tono harsasai da tsatsattsun ƙarafa, wasu ba su fashe ba. A kufai kuma ɗan guntun tukunya ko dutse mai zane da yaro ya jefa a aljihu, dokar Turkiyya ta ɗauke shi kayan tarihi, kuma an sha tsare baƙi a filin jirgi a kan irin wannan. Kowane dare a zazzage aljihun ɗan shekara 6. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ma, in babban yana da shi, a bar shi a gida.

Troy tana kimanin kilomita 30 kudu da Canakkale, kuma ita ce wurin da ya fi ba mutane kunya. Sun ji suna, sun zo suna tsammanin fada, sai su tarar da guntayen bango a kan ɗan tudu. Dalili kuwa birane ne tara a kan juna, na ƙasa ya kai kimanin shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Bajamushen nan Heinrich Schliemann da ya tona wurin a shekarun 1870 ya tsaga tudun da ƙaton rami don gaggawa, ya ratsa ta cikin birnin da yake nema ya wuce ƙasa. Zinaren da ya samo ya ce na sarkin Troy ne na zamanin shahararren yaƙinta da Girkawa, ashe ya girmi zamanin da kusan shekara 1,000. Maganin kunyar shi ne a fara da gidan kayan tarihin da aka buɗe a 2018 a bakin ƙauyen da ke kusa, mai sanyi, mai hanyar gangare maimakon matakala. A Agusta dai ku juya tsarin: kufan da sassafe, awa ɗaya da rabi a kan dakalin katakon da ya zagaye shi, gidan tarihi in rana ta ɗaga, amma a kalli zanen hawa-hawan birnin a waya tun dare. Ba wa kowane yaro aiki: ƙaramin ya nemo lambobin da ke nuna hawa na nawa ake, babban ya nemo inda teku take. Zai ga ta yi nisa, domin koguna sun cike gaɓar da laka a tsawon shekaru, filin noman da ke gabansa a dā ruwa ne.

Assos tana da kyau, amma hanyarta karkace take, hawan kuma dutse ne. In akwai mai amai a mota, a wuce ta. In an matsa, a zaunar da shi inda yake ganin hanya ta gaba, a karɓe waya daga hannunsa, a ajiye leda da tsumma kusa.

A Bergama tsohon birnin yana saman tsauni, ana hawa da keken igiya mai rataye, wanda shi kansa abin murna ne ga yara. A sama akwai filin wasan kwaikwayo da aka sassaƙa a jikin tsaunin, mai cin mutum kimanin 10,000, gangarensa kamar bango. Daga sama ake kallonsa, hannun ƙaramin yana cikin na babba, ba mai sauka. Iska tana da ƙarfi a can, hula mai igiya ta fi. Babban bagaden da littattafai ke nunawa ba ya nan, yana Berlin, gindinsa kaɗai ya rage, gara maigida ya sani tun yanzu. Hajiya kuwa wurinta yana ƙasa: Asklepion, tsohuwar cibiyar jinya, a shimfiɗe take, da doguwar hanya mai ginshiƙai da ramin da majinyata ke ratsawa. Galen, shahararren likitan zamanin Rumawa, ɗan wannan gari ne. Ku rabu biyu da safe in ya kama, ba laifi ba ne.

Afisa, wadda allunan hanya ke kira Efes, ita ce mafi girma, ita ce kuma ke son dabara. Ƙofa biyu gare ta, ta sama da ta ƙasa, birnin ya gangaro daga wannan zuwa waccan. Wanda ya ajiye mota a ƙasa ya shiga, zai hau tudu a rana ya sake saukowa. Wanda ya ajiye a sama, zai ƙare a ƙasa motarsa tana can. Abin yi: a ajiye mota a ƙofar ƙasa, masu ƙarfi su ɗauki tasi zuwa ta sama su gangaro. Ke da Hajiya ku shiga ta ƙasa, inda akwai inuwar itatuwa kuma hanya kusan a miƙe take, ku wuce gaban babban filin wasa mai cin mutum kimanin 25,000, ku bi titin marmara zuwa ɗakin karatu na Selsus, ku jira su a can. Kin ga ta ga mafi kyawun abin da ke birnin ba ta taka matakala ba. Marmaran nan ƙafafu sun goge shi shekaru aru-aru, yana da santsi ko ba ruwa, silifa da takalmi mai tsini ba su da wuri, sandar Hajiya kuma ta kasance mai roba a baki. Ku kasance a ƙofa lokacin buɗewa, domin da hantsi motocin masu yawon jirgin ruwa daga Kusadasi suke isowa, titin ya cika maƙil. Gidajen attajirai da ke jikin tudu tikitinsu daban, an yi musu rufi, zanen bango da daɓen ado suna nan, amma matakala ce tun daga farko har ƙarshe: maigida da babban su shiga. Ƙananan kuwa a kai su bayan gidan jama'a na Rumawa, kujerun dutse a jere ba shamaki, ruwa yana bi ta ƙasa. Shi za su fi tunawa, ko an so ko ba a so ba. Wannan birni ma tashar jiragen ruwa ne a dā, lakar kogi ta cike ta har teku ta ja baya da kilomitoci, kasuwa ta mutu. Babban zai iya haɗa wannan da abin da ya gani a Troy.

Kafin ku sayi katin shiga na bai ɗaya, ku jera kuɗin ƙofar wuraren da za ku shiga da gaske ku kwatanta, tunda an rage wurare mai yiwuwa ba zai biya kansa ba. Ana yafe wa ƙananan yara kuɗin shiga a wuraren gwamnati, amma sai an nuna fasfo, to ya kasance a jaka.

Da za a iya ɗaga tafiyar zuwa Mayu ko ƙarshen Satumba, da mun ce a ɗaga. Tunda hutun makaranta ya ɗaure ku, ku san cewa a Agusta zafi a yankin Afisa yakan wuce digiri 35, dutse kuma yana mayar da shi fuska. Yini ya kasu uku: fita daga buɗe ƙofa zuwa ƙarfe 11, hutawa ko tuƙi da na'urar sanyi a tsakiyar rana, fita ta biyu mai sauƙi bayan ƙarfe 5. Kowane mutum lita ɗaya da rabi na ruwa don fitar safe, da wani katan a mota. Yaron da ya yi shiru ba gaira ba dalili, ya ce kansa na ciwo ko yana jin jiri, a kai shi inuwa nan take, a jiƙa masa wuya da fuska, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya soma ruɗewa ko amai ya ƙi tsayawa, asibiti.

Hajiya ta ga likitanta makonni kafin tafiya, ya rubuta sunayen magungunanta da adadinsu. A ɗauki abin da ya fi na kwanakin, a raba jaka biyu, duka a hannu ba a akwatin da ake aunawa ba. In allurar insulin take yi, zafin mota yana kashe ta, ƙanƙara ma haka, sai a jakar sanyi ba tare da ta taɓa ƙanƙarar ba, kuma a tabbatar ɗakin otal yana da firiji. Tafiya a ƙafa da jinkirin abinci suna faɗar da suga: rawar jiki, gumi mai sanyi, magana ba kan gado. Alawa ko lemo mai suga ya kasance a jakarki, lokacin cin abincinta kuma ba ya motsi ko ana tsakiyar wane kufai. Kada a saya mata sabon takalmi don tafiyar, wanda ƙafa ta saba da shi ya fi, a kuma duba tafin ƙafarta kowane dare, don mai suga kan ji rauni bai sani ba. Inshorar lafiya a bayyana musu ciwonta tun farko, in an ɓoye ba za su biya ba. Kowane otal a tambaye su a rubuce: akwai lif, ko ɗaki a ƙasa, kuma wurin wankan na tsaye ne ko baho ne da sai an ɗaga ƙafa?

Saura shi maigidan. Abin da yake tsoro shi ne ya zo har nan ya tsaya minti 20 a wurin da ya yi shekaru yana karantawa, yara suna jan rigarsa. To ki ba shi abin da takardar tasa ba ta ba shi ba. Yini na uku a Canakkale, ya tashi da asuba shi kaɗai ko da babban, ya haye ya tafi kudu, Helles da babbar hasumiyar shahidan Turkawa da sansanin Kilitbahir, ya tsaya inda ya ga dama har azahar. Ku kuma ku yi barcinku, ku fita bakin ruwa da Hajiya in rana ta yi sanyi. Ki gabatar masa da wannan tun kafin ku zo kan abin da za a soke, kuma ki yi maganar ku biyu, ba a gaban yara ko mahaifiyarsa ba. In ya kafe a kan Pamukkale, kada ki ja. Ki ce a bar ta a rubuce da fensir a yini na biyu na Selcuk, a yanke shawara a daren da aka dawo daga Afisa, bayan an duba ƙafar Hajiya. Otal ɗin Selcuk dai a kama shi kwana biyu cur, wanda ake iya sokewa ba tara, jirgin Izmir kuma a ɗauki na rana ba na asuba ba, don daga Selcuk zuwa filin jirgin kusan awa ɗaya ce, ga cika tanki, ga jiran a duba mota a sa hannu a takardar cewa an karɓe ta lafiya.